Sandunan da Na Sa wa Zanen Yayana Sun Shiga Tsakaninmu

Assalamu alaikum Gwaggo mai filin shawara.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙata, don ni ko da baki ban iya gajarta magana ba, balle an ba ni takarda. Na san abin da aka saba kawo miki rikicin aure ne ko na dangin miji. Nawa rikicin na kaji ne da kwamfuta da babban yayana. Kada ki ga na fara da kaji ki ture wasiƙar gefe, wallahi akwai mutane a ciki.

Ni ce auta a gidanmu. Tun ina ƙarama ake kirana Tambaya, saboda ba a taɓa nuna mini abu na ce to na yi shiru ba. Na taɓa kwance rediyon Baba gaba ɗaya don in ga inda mai karanta labarai yake zama. Baba ya rasu ina sakandare, daga nan Yaya ya zama uba. Shi ya tsaya mini har na gama karatun kwamfuta, shi ya aurar da ni, kuma da na fara neman aiki ya ce in daina yawo da takardu, in zo in riƙe masa ofis.

Yaya yana da 'yar masana'antar haɗa abincin kaji. Rumfa ce doguwa mai rufin kwano, injin niƙa a wannan gefe, na gaurayawa a wancan, buhunan masara da waken soya da dusa an jera su har kusa da rufi. Ofishina wani ɗan ɗaki ne a sama, ana hawa ta matakalar ƙarfe mai rawa, kuma kullum da safe sai na hure garin dusa daga madannan kwamfuta kafin in fara aiki. Can baya akwai ɗakin gwaji, an raba shi keji takwas da waya, huɗu a dama huɗu a hagu.

Ya daɗe yana fama da wani sabon haɗi da ya ƙirƙiro da kansa. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba, don in ya gani a jarida sai ya cire ni daga dangi. Ya yi imani kajin nama sun fi saurin yin nauyi da shi. Sai ya ce a gwada: keji huɗu su ci tsohon abinci, huɗu su ci sabo. Duk mako ma'aikata su kama kajin ɗaya bayan ɗaya su ɗora a sikeli, ni kuma in zuba lambobin a jadawalin kwamfuta in fitar da zane. Zanen ba wani abin wahala ba ne, ginshiƙi biyu ne a tsaye kusa da juna, shuɗi na tsohon abinci, kore na sabo, tsawon kowanne yana nuna matsakaicin nauyin kajin. Kuma gaskiya kusan kowane mako koren yakan ɗan fi shuɗin tsawo. Yaya yakan sa in buga masa a takarda ya manna a bango, in ya shigo ya tsaya yana kallo hannu a baya, kamar mai kallon hoton 'ya'yansa.

Wata rana likitar dabbobin da ke zuwa yi wa kajinmu rigakafi ta hau ofis don ta wanke hannu ta sha ruwa. Ta tsaya gaban bangon nan, ta duba, ta sake dubawa, sai ta tambaye ni ina sandunansu. Na ce wace sanda kuma? Ta zaro biro daga aljihun farar rigarta, ta ja ɗan layi a tsaye a kan ɗaya daga cikin ginshiƙan, rabi ya leƙo sama rabi ya nutse ciki, ta yi masa 'yar hula sama da ƙasa, ya zama kamar ƙusa mai kai biyu. Ta ce matsakaicin nauyi kawai ginshiƙi yake faɗa, wannan sandar ita ke nuna iyakar yadda za a yarda da maganarsa, kuma masu bincike sandar kuskure suke ce mata. Kafin in jero tambayoyin da suka taso mini, an kira ta daga ƙasa, ta sauka ta bar ni da ƙaiƙayi a ka.

Gwaggo, abin ya hana ni sakat. Na bincika na gano manhajar jadawalin tana iya sa sandar. Na gwada da hannu a zane ɗaya: danna nan, buɗe can, zaɓi wannan, koma baya. Sai na kalli yawan zanukan da nake da su, na nauyi, na abincin da suka ci, na kowane mako, na kowane zubin 'yan tsaki, na ga in na bi su ɗaya-ɗaya sai kajin sun tsufa ban gama ba. Sai na tuna an koya mana a makaranta cewa ana iya rubuta wa manhajar 'yan layukan umarni ta yi aikin da kanta. Na zauna na rubuta mata: ki buɗe kowane shafi, ki nemo kowane zane, ki bi ginshiƙansa ki ɗora wa kowanne sanda. Da farko ta watso mini jan rubutu ta ce ba ta gane ba. Na gyara, ta sa wa koren ta tsallake shuɗin, ashe ni ce na fara ƙirge daga inda bai kamata ba. Na sake gyarawa na danna, sai ga zanuka suna ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fito da sandunansa. Na yi ihu har mai injin niƙa ya kashe inji ya leƙo ya ga ko wuta ce ta ja ni.

Yaya ya ji daɗin waɗannan na farko ƙwarai. Gajeru ne, tsaf-tsaf, duk tsawonsu ɗaya. Ya sa musu suna eriya, ya ce yanzu zanenmu ya yi kama da na manyan kamfanoni. Ni ma na kwana biyu ina jin kaina. Amma sai tambaya ta dawo. Ɗan tsakon mako ɗaya bai cika tafin hannu ba, kazar mako shida kuwa sai an sa hannu biyu. Ta yaya sandarsu za ta zama tsawo ɗaya? Na koma na karanta abin da na rubuta, sai na ga ni ce na ba kwamfuta wata lamba guda na ce ta sa wa kowa, don haka na gani a misalin da na kwaikwaya. Wato sandunan ba su san kajinmu ba ko kaɗan. Ado ne kawai, kamar aljihun ƙarya a jikin riga.

Sai na ƙara layi a jadawali inda kwamfuta za ta lissafa yadda nauyin kajin ya bambanta da juna a kowane mako, na canza umarnin na ce kada ta ƙara ƙirƙiro tsawo, ta je wancan layin ta ɗauko, na sama daga nan, na ƙasa ma daga nan. Na danna. Sanduna suka fito dogaye. Ta shuɗi ta miƙe har ta wuce kan koren, ta kore ta nutse har ƙasa da kan shuɗin. Ɗan fifikon da muke gani duk mako ya zama kamar ba komai a tsakiyarsu.

Ni a lokacin ban ji tsoro ba, daɗi na ji, don na ga abin yana motsi da gaske, kowane mako da irin tsawonsa. Na leƙa ta taga na ƙwala wa Yaya kira ya zo ya gani. Ban san yana tare da baƙo ba. Ashe shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji ne ya zo su tsara taron da za a yi ƙarshen wata, inda Yaya zai gabatar da sabon abincin gaban masu gonaki. Suka hau tare. Baƙon ya gyara tabarau ya duƙa kan kwamfuta ya tambayi me waɗannan dogayen layukan suke nufi. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce masa suna nufin har yanzu ba mu tabbatar sabon ya fi tsohon ba. Yaya ya yi wata 'yar dariya wadda na san ba ta jin daɗi ba ce, ya ce yarinya ce tana koyon aiki, ya ja baƙonsa suka sauka.

Da ya raka shi ya dawo, bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. A tsaye ya yi maganar. Ya ce tun kafin in iya ɗaura ɗankwali yake cikin kaji, ya san kaza mai lafiya daga tafiyarta da sheƙin gashinta, ba ya buƙatar eriya ta gaya masa abin da idonsa ke gani. Ya ce in cire su duka kafin taro, ko in mayar da gajerun nan na farko. Tun ranar bai ƙara hawowa mun ci abincin rana tare ba, alhali shekara da shekaru a teburina yake ci yana ɓata mini takardu da mai. Yanzu saƙo yake turo mini ta waya, daga ƙasa zuwa sama.

Maganar ta kai kunnen Mama, ban san ta wace hanya ba. Ta kira ni tana faɗa, wai wace sanda ce ta ji an ce na ɗaukar wa yayana a gaban baƙo. Na yi bayani har na gaji. Ta saurara ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, abin da ta sani shi ne wanda ya riƙe ki ba kya kunyata shi a gaban mutane. Kuma na kasa ce mata ba ta da gaskiya.

To maimakon in haƙura, sai na ƙara kutsawa ciki, kin san hali. Na gano ashe sandar ba iri ɗaya ba ce. Wadda na sa tana auna yadda kaza ta bambanta da 'yar uwarta. Akwai wata kuma da ake samu in an ɗauki wancan lissafin an rage shi gwargwadon yawan abin da aka auna, ta yadda duk lokacin da yawan ya ƙaru sai sandar ta ƙara gajarta. Kalma ɗaya na canza a umarnin, na ba ta yawan kajinmu, waɗanda sun kai ɗaruruwa. Sanduna suka tsuke suka zama 'yan mitsi-mitsi, ta shuɗi ba ta ko kusa da ta kore. Wato da wannan, maganar Yaya ta fito. Na zauna ina kallon abin baki buɗe: kaji ɗaya, sikeli ɗaya, lambobi ɗaya, amma kalma guda ta juya labarin.

Sai wata tambayar ta zo: me ya kamata in ƙirga, kaji ko keji? Don ai ba kowace kaza aka zuba wa nata abincin daban ba, keji ake zuba wa, su taru su ci a mazubi ɗaya. Na gwada da keji, wato huɗu da huɗu. Sanduna suka fito matsakaita, kuma a yawancin makonni suna ɗan shiga juna. Yanzu ina da zane iri uku a kwamfuta, ban da na adon, kowanne da abin da yake faɗa.

Mijina, wanda gyaran wutar lantarki yake yi, ya ce shi bai ga abin wahala ba. Tunda duka ukun suna cikin littattafan lissafi, in ɗauki gajerun in ba Yaya, kowa ya huta, a dawo ana gaisawa. Ya ce ko shi in mai gida ya tambaye shi wayar nan za ta kai shekara nawa, ba ya kawo masa sanda. Na ce shi ya sa ake kiransa sau biyu a gida ɗaya. Mun yi dariya, amma ban samu amsa ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Da na sauka ɗakin gwaji ina duba kejin, na lura duk huɗun da ke cin sabon abinci suna ɓangaren tagogi, inda iska ke shigowa, na tsohon kuma suna jikin bangon da rana ke duka da yamma. Ba da wata manufa aka yi ba, na tabbata. Yaya ya sa nasa inda zai riƙa hango su ta taga in yana wucewa. Amma tun da na gani nake tambayar kaina, abincin ne ko iskar?

Ki fahimce ni Gwaggo, ban ce abincin Yaya ba shi da kyau ba. Zuciyata ma tana ba ni ya fi tsohon. Amma a taron nan akwai masu ƙananan gonaki, irin wata maƙwabciyarmu da kajin bayan gidanta ne ke riƙe da ita da 'ya'yanta, kuma in Yaya ya ce an gwada an tabbatar, ba za ta tambayi komai ba, za ta canza. Likitar nan ma za ta halarta, kuma na san idonta.

To wace sanda ce ta gaskiya a cikin ukun? In na cire su gaba ɗaya na yi ƙarya ne, ko kuwa komawa na yi inda muke a da, lokacin da ba wanda ya ce muna ƙarya? In na sa gajerun na yi ha'inci, alhali kwamfuta ba ta yi kuskuren lissafi ba? Kuma shin son sanin nan nawa ne ya yi yawa har ya zama rashin kunya? Ina son yayana, ina kuma son in san amsar. Ban taɓa zaton wata rana za a ce in zaɓi ɗaya ba.

Taki,
Tambaya, ƙanwar mai kaji

Wa alaikumus salam Tambaya.

Na karanta wasiƙarki har ƙarshe. Ni ba masaniyar lissafi ba ce, don haka na ɗauke ta na kai wa wata ƙawata da ke koyar da ƙididdiga a jami'a. Ta karanta tana murmushi, ta ce da ɗalibanta za su riƙa yin tambayar kaji da keji ba tare da an tsikare su ba, da hawan jininta ya sauka. Don haka ki fara cire wannan daga ranki: son saninki ba rashin kunya ba ne. Inda matsalar take daban, za mu zo wurin.

Ga abin da na fahimta daga bayaninta. Sandunan nan tambayoyi daban-daban suke amsawa. Dogayen suna faɗin yadda kaji suka bambanta da juna ne kawai, wata ƙatuwa wata 'yar firit. Shigar da suka yi cikin juna ba ta nuna abincin biyu ɗaya suke ba, don haka maganar da kika yi wa baƙo ta zo kusa da gaskiya, amma ba waɗannan sandunan ne hujjarta ba. Gajerun kuwa suna amsa tambayar da ta dame ku, wato yaya za a yarda da matsakaicin, sai dai kin ba su ƙirgen da ba nasu ba. Kajin keji ɗaya mazubinsu ɗaya, ruwansu ɗaya, iskarsu ɗaya. In ciwo ya shiga ya shigar musu duka. Ƙawata ta ce kamar ki tambayi mutum hamsin na gida ɗaya yadda girkin gidansu yake, ki fito ki ce kin ji ra'ayin gidaje hamsin. Tunda keji aka ba abinci, keji za a ƙirga. Na ukun nan, matsakaitan, su ne suka dace da gwajinku. Kuma ba cewa suke sabon abinci bai fi ba. Cewa suke akwai alama, amma keji huɗu da huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Maganar tagogi kuwa ta ce ta fi duk sandunan nauyi, don babu lissafin da zai raba miki abinci da iska in kullum tare suke tafiya. Gyaran mai sauƙi ne: zubi na gaba a yi ƙuri'a, kowane ɓangaren ɗakin ya samu sabo da tsoho. Wannan kada ki ƙara riƙe shi a ciki, yayanki ya fi kowa buƙatar ya ji.

Ta kuma ce ki ƙara wa umarninki layi yadda duk zanen da ya fito zai zo da rubutu a ƙasansa mai faɗin wace irin sanda ce da keji nawa aka ƙirga, don sanda marar bayani kowa fassarar da ta yi masa daɗi zai ba ta. Sannan ki tsayar da irin lissafin da za ki riƙa amfani da shi tun kafin sakamako ya fito, ki bar shi a haka. Sauƙin da kika samar wa kanki, na danna ɗaya komai ya canza, shi ne kuma haɗarinsa: mutum yakan yi ta dannawa har ya samu zanen da ransa ke so, ba tare da ya ji ya yi ƙarya ba. Na adon nan na farko kuwa ki goge su, kada su ƙara fitowa ko da wasa.

Yanzu mu zo kan yayanki, don a nan nake da abin cewa na kaina. Ki tsaya a inda yake tsaye. Mutum ya daɗe yana gaurayawa yana gwadawa, ya gayyato shugaban ƙungiya, sai ƙanwar da ta tashi a hannunsa ta ce a gaban baƙon ba a tabbatar ba. Ko da kowace kalma taki daidai ce, wurin da lokacin ba daidai ba ne, kuma a nan Mama ta fi ki gaskiya. Ki kuma lura, ba wanda ya tilasta masa ya raba keji ya sa a riƙa auna kaji duk mako. Mai niyyar yaudara ba ya wahalar da kansa da sikeli, buhu yake bugawa da hoton ƙatuwar kaza. Yayanki yana son gaskiya, tsoro yake kada ta zo ba yadda ya yi fata ba. Idonsa na shekaru kuma ba abin wasa ba ne, shi ya kawo ku inda kuke. Abin da ido ba ya iyawa shi ne ya manta wane keji yake so ya yi nasara.

Saboda haka ki same shi a gida, ba a masana'anta ba, ba gaban ma'aikata ko matarsa ba, kuma kada ki tafi da kwamfuta. Ki fara da ba shi haƙuri kan abin da ya faru gaban baƙo, haƙuri na gaske wanda babu "amma" a bayansa. In ya sauko, ko ranar ko wata, sai ki gaya masa labarin tagogi, ki tambaye shi yadda yake ganin za a gyara, don ya fi ki sanin ɗakin. Daga nan ki nuna masa matsakaitan sandunan a takarda ɗaya, ki tuna masa likita za ta zauna a taron. Maganar ta fito daga bakinsa yana tsaye da ƙarfinsa ya fi a jefo masa ita daga cikin jama'a.

Kuma ba hannu wofi zai je taron ba. Zai iya tsayawa ya ce ya haɗa sabon abinci, a gwajin farko an ga alama mai kyau, ga ta, ga kuma iyakar abin da aka sani. Yana neman masu gonaki da za su gwada tare da shi, rabin kaji a sabo rabi a tsoho. Abin da gwajinku ya rasa shi ne yawan keji, kuma ɗakin taron cike yake da masu keji. Masu kiwo sun gaji da jin kowane mai buhu yana cewa nasa ya fi. Wanda ya ce ku zo mu auna tare zai fita daban. Ke kuma umarninki yana nan, ko gonaki nawa suka kawo lambobi zai zana musu.

In kuma ya ƙi fa? Masana'antarsa ce, shi zai tsaya gaban mutane, ba ke ba. Zane marar sanda ba ƙarya ba ne a karan kansa, kina iya ba shi in ya nace. Amma ki gaya masa tun yanzu, cikin ladabi, cewa ba za ki sa gajerun ko na ado don su faɗi abin da kika san bai tabbata ba, kuma in wani ya tambaye ki kai tsaye ba za ki ce an tabbatar ba. Faɗin wannan tun kafin taro shi ne girmamawa. Ɓoye shi har a tambaye ki a bainar jama'a shi zai zama cin fuska karo na biyu. Maƙwabciyar taku kuma, in ta nemi shawararki, ki ce ta gwada a kan wasu kajin tukuna kafin ta juya duka.

Mama ba ta buƙatar darasin lissafi. Ki ce mata kin je kin ba Yaya haƙuri, kuma kina ƙoƙarin kada wani ya kunyata shi ranar taro. Duka biyun gaskiya ne. Mai gidanki kuma ki gaishe shi, ki ce na ce shawararsa za ta kawo sulhu, amma ba zai wuce ƙofar ɗakin taron ba.

Ba a ce ki zaɓi tsakanin yayanki da amsar ba, 'yata. Amsar ma ai tasa ce: kajinsa ne, sunansa ne a jikin buhu, kuma ya fi ki buƙatarta. Naki shi ne ki kai masa ita ta ƙofar da zai iya karɓa. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya daidaita tsakaninku, ya sa sabon abincin ya zama alheri gare ku da masu kiwo baki ɗaya.

Gwaggonku